Mu Daina Auna Asibiti Da Nauyin Leda

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da karatu ya jefo mu nan Kudu. Rubutun nan yana da tsawo, wanda ke da tes gobe ya adana shi sai ya fito. Amma don Allah a daure a karanta, don maganar ta shafi jikinmu da aljihunmu, ta kuma shafi iyayen da muka baro a gida.

Makon jiya, bayan sallar isha'i, wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Ya shigo rai a ɓace, hanci na zuba, ya jefa wata 'yar leda a kan katifata. Ya ce, "Yaya, dubi wulaƙancin da aka yi min. Tun ƙarfe tara nake kan layi a asibiti, aka ɗebi jinina, ƙarshenta likita ta ce wai ba ni da maleriya, mura ce. Farasitamol kawai ta rubuta, wai in je in sha ruwa da yawa in huta, in zazzaɓin bai sauka ba in dawo. Ko allura ɗaya babu. Wallahi don ta ga ni Bahaushe ne. Tashi ka raka ni wurin wani mai kemis da ya san jikina, ya yi min allura, ya ɗaura min ruwa leda ɗaya, in warware kafin Litinin."

Na yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don da ni ne shekara goma da suka wuce, abin da zan faɗa ke nan. Haka muka taso. A wurinmu asibitin kirki shi ne wanda za ka fito da leda cike da magani, kana ɗingishi saboda allura. Malamin asibitin da ya duba ka ya ce je ka huta, ko dai bai iya aiki ba, ko kuwa ya raina ka. Ni kuma abin da nake so in faɗa yau shi ne, likitar nan mutunta yaron ta yi, kuma mudun da muke auna asibiti da shi karkatacce ne. Muddin ba mu gyara shi ba, duk binciken da irinmu za su yi a kan magani a kantar laburare zai ƙare.

Ga waɗanda ba su san ni ba, harhaɗa magunguna na karanta a digirin farko, yanzu kuma ina mastas a fannin lafiyar al'umma a nan Ibadan. Furojet ɗina a kan yadda ake rubuta magani da bayar da shi ne a ƙananan asibitoci, irin waɗanda muke kira sha-ka-tafi. Wata biyu na yi ina hawa acaɓa daga wannan asibiti zuwa wancan, in zauna a benci da rajista a cinya, ina ƙirga magunguna. Alƙaluman da na tara ba zan fitar ba tukuna, supabaiza ta ja min kunne sai bayan difens. Amma abin da idona ya gani, da abin da ke rubuce a littattafan Hukumar Lafiya ta Duniya, wannan ba sirri ba ne.

A shekarar 1985 hukumar ta tara masana a Nairobi, suka yi matsaya a kan abin da ake nufi da amfani da magani bisa ƙa'ida. A taƙaice dai, mara lafiya ya samu maganin da ya dace da ciwonsa, daidai yawan da jikinsa ke buƙata, na tsawon kwanakin da suka kamata, a kan farashi mafi sauƙi gare shi da al'ummarsa. In ka ji sai ka ce ai kowa ya san wannan. Amma ita hukumar ta ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan duniya ba a rubuta su ko bayar da su ko sayar da su yadda ya dace, kuma rabin marasa lafiya ba sa shan maganin yadda aka ce su sha.

To yaya za ka gane ko asibiti na yin daidai, alhali ba kai ke duba marasa lafiyar ba? A 1993 hukumar, tare da wata ƙungiyar masana mai suna INRUD, ta fitar da ɗan littafi mai ɗauke da ma'aunai masu sauƙi. Biyar daga ciki a kan takardar magani suke. Na ɗaya, magani nawa ake rubuta wa mutum a zuwa ɗaya. In aka yi matsakaicin lissafi, ana sa ran 1.6 zuwa 1.8, wato bai kai biyu ba. Na biyu, cikin mutum 100 nawa aka ba antibayotik, ana sa ran kamar 20 zuwa 27. Na uku, nawa aka yi wa allura, ban da allurar rigakafi, ana sa ran kamar 13 zuwa 24. Na huɗu, a rubuta magani da sunansa na asali, kada a rubuta sunan da kamfani ya laƙa masa. Na biyar, ya kasance yana cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa. Waɗannan biyun na ƙarshe ɗari bisa ɗari ake nema. Abin da ya burge ni, alƙaluman nan da masu bincike ke kwatance da su a ƙasashe da dama daga aikin da aka yi a nan Najeriya suka fito, na Farfesa Ambrose Isah na Jami'ar Benin da abokan aikinsa. Don haka kada wani ya ce mana mudun Turawa ne da ba su san zazzaɓinmu ba.

Sauran ma'aunan sai ka tashi daga kan rajista. Ka riƙe agogo ka ga minti nawa mara lafiya ke yi a gaban mai duba shi, da daƙiƙa nawa yake yi a tagar karɓar magani. Ka duba cikin abin da aka rubuta nawa aka ba shi a nan, nawa aka ce ya je waje ya saya. Ka duba ko an rubuta suna da yadda za a sha a jikin ledar. Sannan ka tsaya a bakin ƙofa ka tambayi mai fita, "Baba, yaya aka ce ka sha wannan?" Daga ƙarshe ka leƙa sito ka ga ko muhimman magungunan suna nan. Don a samu hoton da za a dogara da shi ana buƙatar aƙalla takardu 600, misali 30 daga kowane asibiti cikin 20. Ba na'ura, ba injin miliyoyi. Biro ne da takarda da haƙuri.

Akwai wani kati da har yau yake min yawo a kai. Wata matashiya ce, zazzaɓi da ciwon kai na kwana biyu. An rubuta "maleriya da taifod", wannan tagwayen da kowa ya san su. Magani bakwai: na maleriya, sifro, farasitamol, allurar diklofenak, bitamin C, bi-kwamfles, da ruwan ƙarin jini. A gurbin gwaji babu komai sai Widal.

Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ne kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a ƙasar nan suke, don haka zarginta ba laifi ba ne. Amma tun 2010 ƙa'ida ita ce a gwada kafin a ba da magani, kuma ɗan tsinken gwajin nan minti 15 zuwa 20 yake fitar da sakamako. Ba a yi mata ba. Shi kuwa Widal tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma a irin ƙasarmu yana iya nuna "akwai" ga wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar tuntuni, ko wanda wani zazzaɓin daban ke damu. Gwajin da ake dogara da shi shi ne kalca, inda ake shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Sai allurar diklofenak ga mai iya haɗiyar ƙwaya, wadda kuma an riga an ba ta farasitamol. Sai maganin ƙarin jini ga wadda ba a auna jininta ba. Wataƙila biyu cikin bakwai ɗin take buƙata, wataƙila ma ɗaya. Sauran kuɗin cefanen gidansu ne suka tafi. Ku tuna fa, sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye.

Ba zan ɓoye muku ba, da na fara aikin nan da fushi na fara. A zuciyata na riga na yanke hukunci cewa ma'aikata ne masu laifi, ni kuma na zo in kama su. Wata dattijuwar nas ce ta sauke min wannan girman kan. Na tambaye ta cikin ladabi, na ce, "Mama, me ya sa kusan duk mai zazzaɓi sai an haɗa masa da antibayotik?" Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Ɗana, kai ka zo da biro da takarda, gobe ka tafi. Ni a unguwar nan nake kwana. Idan mace ta biya kuɗin mota ta zo, na ce ta je ta sha farasitamol, tana fita za ta tsallaka titi wurin mai kemis ya yi mata haɗi. Gobe kuma a kasuwa a ce Mama ta tsufa, ta daina gane ciwo. Gara in ba ta nawa, na san inda na sayo shi." Sannan ta buɗe durowa ta nuna min kwalin tsinken gwajin maleriya, wayam. Ita kaɗai ce a bakin aiki ranar, layi kuma har waje.

Akwai kuma maganar kuɗi. Tun bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987, ƙananan asibitoci da yawa suna tafiya ne a kan asusun juya kuɗin magani: a sayo, a sayar da 'yar riba, a sake sayowa. Niyyar mai kyau ce, don kada sito ya bushe. Amma idan da wannan 'yar ribar ake sayen man janareto da sabulu da safar hannu, ba sai an gaya wa kowa ba, magani bakwai ya fi biyu amfani ga asibitin. Ban wanke ma'aikata ba. Akwai masu rubutu da ka, akwai waɗanda rabonsu da buɗe littafin ƙa'idar aikinsu tun suna makaranta. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daddawar nan kuwa mu ne.

Mu duba hostal ɗinmu. Kusan kowane ɗaki akwai gwangwanin da ake tara ragowar magani. Ciki ya murɗa, a miƙo Flagyl. Mura ta kama, a miƙo kafso. Alhali mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, antibayotik ba ya taɓa ta ko kaɗan, da shi da babu shi kwanakinta za ta yi. Maganin maleriya irin Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku, kuma ya fi shiga jiki in an sha da madara ko abinci mai maiƙo. Mu kuwa da zarar zazzaɓi ya sauka a rana ta biyu, sai mu ajiye sauran "saboda gaba". Lokacin jarabawa mutum ya sha farasitamol, ya ƙara da maganin mura wanda shi ma farasitamol ne a ciki, bai san iyakar babba ƙwaya takwas ce mai miligiram 500 a awa 24 ba, kuma wuce iyakar hanta yake taɓawa. Mai olsa ya yi ta afa diklofenak ko ibufurofen cikinsa ba komai, yana mamakin yadda ciwon ke ƙaruwa. Ga kuma haɗi: "Oga, ba ni na ɗari biyar." A ɓallo ɗaya daga nan, biyu daga can, a ƙulle a takarda ba suna ba komai. In wani abu ya same ka, ko likita bai san me ka sha ba.

Sai uwa uba, allura da ƙarin ruwa. Mun ɗauka allura ta fi ƙarfi. Yawancin magungunan da muke buƙata a irin ciwon yau da kullum, na sha yana yin aikin da allurar za ta yi, farasitamol ma cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ya fara aiki. Allura kuwa tana da nata haɗarin. Wa bai san wanda allura ta yi wa ƙurji ba? Wa bai taɓa ganin yaron da aka soka wa a jijiyar ɗuwawu ƙafa ta shanye ba? In kuma sirinji ba sabo ba ne, ga ciwon hanta, ga ƙanjamau. Masar misali ce: daga shekarun 1950 zuwa na 1980 an yi gangamin yi wa mutane allurar maganin tsargiya ana maimaita sirinji, ƙasar ta wayi gari tana cikin waɗanda ciwon hanta nau'in C ya fi yi wa katutu a duniya. Ƙarin ruwan da muke ji da shi kuwa, ledar rabin lita mai sukari kashi 5 cikin 100, giram 25 na sukari ne a ciki. Bai kai na kwalbar Coke ɗaya ba. Wanda amai da gudawa suka ƙarar, ba ya iya shan komai, wannan ruwan ransa ne. Kai da ke iya cin tuwo ka sha shayi, kuɗinka kawai ka zubar.

Wani zai ce to mene ne, ai jikina ne, kuɗina ne. Bari in ba ku labarin gidanmu. Bara Inna ta yi fama da ciwon mara da zafin fitsari. Shekara da shekaru, duk sanda ta ji irin wannan, sai a aiki yaro kemis a ce "maganin sanyi", ta sha kwana biyu, ta ji sauƙi, ta ajiye. Wannan karon ta sha, ta sake sha, ba sauƙi, har zazzaɓi ya rufe ta. Na matsa aka kai ta babban asibiti aka yi kalcar fitsari. Ƙanwata ta ɗauko hoton sakamakon ta turo min ta WhatsApp. A gaban sunan kowane magani akwai harafi: S na nufin yana kashe ƙwayar, R na nufin ta fi ƙarfinsa. Na bi layin da yatsa, R, R, R, duk magungunan da na san ana samu da araha a garinmu. Abin da ya rage na allura ne, sai an kwantar da ita. Kuɗin rajistata na zango na biyu a nan suka tafi, kuma ban yi da-na-sani ba, alhamdu lillahi ta tashi. Amma daren nan ban yi barci ba. Ni ne fa wanda ya karanta magani a gidan, kuma ban taɓa zama na yi mata bayani ba.

Ku lura da wani abu, don mutane da yawa suna kuskurensa. Ba jikin mutum ne ke sabawa da antibayotik ba, ƙwayar cutar ce ke koyon kauce masa. Duk sanda aka sha shi ba bisa buƙata ba, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Kuma ba sa zama a jikin mutum ɗaya. Ta hannu, ta ruwa, ta banɗaki ɗaya da muke yi mu ashirin, suna yawo. Kafson da ka sha don mura yana iya zama dalilin da maganin wani zai ƙi aiki. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka fi ƙarfin magani, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, yankin da abin ya fi muni shi ne Afirka ta Yamma. Namu yankin.

Shi ya sa tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: waɗanda ake farawa da su irin amoksisilin, waɗanda ake sa wa ido irin sifro da seftiriyazon, da waɗanda ake ɓoyewa sai ranar da komai ya gaza. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Satumbar 2024 ƙasashe sun amince cewa kafin 2030 aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibayotik da ake ba mutane su kasance daga rukunin farko. Mu kuwa sifro, ɗan rukuni na biyu, shi muke afawa kamar gyaɗa.

Na san abin da wasunku za su ce, don an riga an faɗa min a masallaci: "Malam, kana birni kana kukan yawan magani, mu a ƙauyenmu ko farasitamol babu a asibitin." Gaskiya ne, kuma wannan ma ɓangare ne na matsalar, shi ya sa leƙa sito ke cikin ma'aunan. Hana mutum maganin da yake buƙata shi ma saɓa ƙa'ida ne. Yaron da ke numfashi sama-sama saboda ciwon huhu yana buƙatar amoksisilin yau, ba gobe ba. Mai maleriya mai tsanani, wanda ya fara fita hayyacinsa ko jijjiga, allurar atesunet ce hanyarsa. Mai sanƙarau a lokacin zafi, kowace awa tana da tsada. Abin takaicin shi ne sau da yawa rashin da yawan tare suke tafiya. Tun 2004 aka ce yaro mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Sau nawa muka ga an ba shi ruwan Flagyl da wani antibayotik, an manta da waɗannan biyun masu araha da ke ceton rai?

Don haka ma'aunan nan ba alƙali ba ne a kan takarda guda. Kamar ma'aunin zafin jiki suke, su nuna maka akwai zazzaɓi, amma sai ka bincika ka gane abin da ya kawo shi. In ka ga asibiti yana ba mutum 60 cikin 100 antibayotik, ba za ka ce a kori kowa ba. Za ka zauna da ma'aikatan ka tambaya: gwaji ne babu, ko horo, ko matsin marasa lafiya, ko kuwa wata annoba ce ta ɓulla a watan?

Maganar wulaƙanci kuma, ban ce ba ya faruwa ba. Duk wanda ya zauna nesa da gida ya san akwai wuraren da sunanka kaɗai ke canja fuskar mutum. Amma in za ka auna ko an mutunta ka a asibiti, tambayi kanka: an saurare ni? An duba ni? An yi gwaji? An yi min bayani? Mai son ya rabu da kai da sauri, shi ne zai cika maka takarda cikin minti ɗaya ya ce na gaba.

To me za mu yi? Abu na farko na kowa ne. Duk sanda aka rubuta maka magani, ko kai ko wanda ka raka, kada ka tashi sai ka san amsar waɗannan: me ke damuna, kuma da me aka gane? Wannan maganin me sunansa, aikin me yake yi? Nawa zan sha, sau nawa, kwana nawa? In allura ce, akwai na sha a madadinta? In na ga me zan dawo? Ka tambaya da ladabi, ba da gadarar ɗan jami'a ba. Ma'aikacin kirki daɗi zai ji. Kuma ka daina cewa "ba za a yi min allura ba?" Wannan 'yar tambayar taka ita ce matsin da Mama ke magana a kai.

Na biyu, mu ne ake bugo wa waya daga gida. Ko tarihi kake karantawa, a wurin Gwaggo kai ne "wanda ya yi boko", kai za a tambaya ko a sayo kaza. Ka yi amfani da wannan matsayin. Ka ce a je a gwada. Ka ce a shanye na maleriyar har ƙarshe. Ka ce a daina ba yaro ragowar maganin yayansa. Kada ka yi irin sakacin da na yi da Inna.

Na uku, ga 'yan uwana masu karanta magani, likitanci, nas, da lafiyar al'umma, waɗanda ke neman taken furojet. Ga aiki nan a ƙaramar hukumarku. Ku nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da na sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ku ɓoye sunayen marasa lafiya da na ma'aikata, ku ƙirga. Amma roƙona shi ne kada ku tsaya a difens. Ku koma asibitin da sakamakon a shafi ɗaya, da Hausa, ku zauna da ma'aikata da kwamitin raya mazaɓa, har da mai unguwa da liman in za su zo. Bayan wata shida a sake ƙirgawa a gani. An daɗe da sanin cewa raba takardun wayar da kai su kaɗai ba sa canja yadda ake rubuta magani sosai. Abin da ya fi tasiri shi ne a nuna wa mutum alƙaluman aikinsa, a bi shi da horo da kulawa, a kuma wayar da kan masu zuwa wurinsa. Ni dai na yi wa Mama alkawarin zan dawo mata da nata, kuma in Allah ya yarda in na kammala, a ƙaramar hukumarmu zan maimaita aikin.

Shi kuwa ƙanen namu, na zaunar da shi na tambaye shi abin da likitar ta yi. Ya ce ta auna zafin jikinsa, ta leƙa maƙogwaronsa, ta saurari ƙirjinsa, ta tambaye shi ko yana amai ko wuyansa ya sanƙare. Na ce minti nawa? Ya ce kamar goma. Na ce, "Ƙanena, wata biyu na yi ina riƙe da agogo, na san darajar minti goma." Muka yi yarjejeniya: ya sha farasitamol ɗinsa, ya sha ruwa, ya kwanta. In zazzaɓin ya kai kwana uku, ko ya fara amai, ko numfashi ya yi masa wuya, ko wuya ya riƙe, ko ƙarfe biyun dare ne ya buga min, ni zan mayar da shi asibitin da kaina. Na haɗa masa shayi mai citta ya tafi yana ƙunƙuni.

Ranar Litinin ya rubuta tes ɗinsa. Da muka haɗu a masallaci na ce ya jiki, ya ce, "Da sauƙi, Yaya. Amma wallahi da allura ce da kwana ɗaya na warke." Kun ga aikin da ke gabanmu ke nan.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, musamman 'yan uwanmu da suka yi aiki a asibitocin karkara, ina son in ji ta bakinku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jarabawa sa'a, ya mayar da mu gida da ilimi mai amfani. Amin.